Matsalar Furta Baƙin Sunaye a Wajen Karanta Tsofaffin Littattafai

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zama a ajin da ake karanta tsohon littafi a bayyane, ko ya saurari mai karanta tarihi a gidan rediyo, ya san wurin da harshen mai karatu ya fi sarƙewa. Zai taho tiryan-tiryan, jimla na bin jimla, sai kwatsam ya iske sunan wani sarki na dauri ko wani birni mai nisa. Nan take sai ya dakata, ya yi ta in'ina. Daga nan ko dai ya haɗiye rabin sunan, ko ya ƙaga masa wani furuci na kansa, ko kuwa ya tsallake shi ɗungurungum yana fatan ba wanda ya lura. 'Yan aji su yi dariya, a wuce wurin.

Al'amarin kuwa ya fi ƙarfin dariya. Ɗalibin da yake karatu a aji yau shi ne malamin makaranta gobe, kuma furucin da ya ƙaga shi yara za su ɗauka daga bakinsa su haddace. Mai karatu a rediyo ya fi shi ma ɓarna, domin kuskurensa na dare guda yana shiga gidajen da ba su da littafin, balle su duba. Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana dalilin da ya sa waɗannan sunaye suke wuyar faɗi, da kuma abin da ya kamata mai karatu ya riƙe idan ya ci karo da su.

Ta wace ƙofa sunan ya shigo?

Da wuya a sami baƙon sunan da ya zo wa Bahaushe kai tsaye daga bakin masu shi. Galibi sai ya ratso ta wani harshe, wani lokaci ma ta harsuna biyu ko uku, kowane harshe kuma ya sassaƙe shi daidai da bakin mutanensa. Ƙofofin da suka fi shahara su ne Larabci, da Ingilishi, da Faransanci. Tun da Larabci ne ya riga sauran da ɗaruruwan shekaru, kuma shi ne ya fi barin tabo a jikin sunayen, da shi ya kamata a fara.

Larabci wasula uku gare shi, watau a, da i, da u, kowanne da gajerensa da dogonsa. Hausa kuwa biyar gare ta. Malaman da suka rubuta Hausa da ajami sun sami mafita ga wasalin e ta hanyar aro ɗigon imala daga karatun Warshu, amma o da u suka ci gaba da zama a ƙarƙashin rufu'a guda. Wannan ma a ajami ke nan, inda aka saba sa wa kowane baƙi wasalinsa. Littattafan da aka rubuta da Larabci zalla yawanci ba a yi musu wasali ko kaɗan, saboda an ɗauka mai karatu ya san nahawu, zai cike gurbin da kansa. Nahawu kuwa yana taimakon mai karatu a kan kalmar Larabci, amma ba abin da zai gaya masa game da sunan wani Bamaguje da ya zauna a gindin Dala.

A ɗauki Tarihin Kano, wanda aka rubuta da Larabci, H. R. Palmer ya fassara shi zuwa Ingilishi ya buga a 1908. Sarkin da Kanawa suke kira Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499 bisa lissafin da aka saba bi, a wurin Palmer sunansa Rimfa. Bagauda ya zama Bagoda, Tsumburbura kuma ta zama Tchunburburai. Bakanon da zai karanta wannan fassara a bayyane ba zai ruɗe a kan Rumfa ba, domin Gidan Rumfa yana nan tsaye, kowa yana kiransa safe da yamma. Amma ina ga sunayen da ba su da gida ko ƙofa ko unguwar da ta riƙe su? Sarkin da ya gaji Dauda, wasu suna rubuta shi Abdullahi Burja, wasu Barja. Baƙaƙen ɗaya ne, wasalin farko ne kowa ya zaɓi nasa. Mai karatu a zuci zai iya wucewa bai yanke hukunci ba, mai karatu a bayyane kuwa tilas ne ya buɗe baki ya faɗi ɗaya.

Bayan wasula, akwai baƙaƙen da Larabci ba shi da su. Babu g a daidaitaccen Larabci, saboda haka marubuta sukan ara mata kaf, ko gain, ko jim, kowa da son ransa. Ibn Baɗuɗa, wanda ya sauka Takadda a 1353, ya ambaci wata ƙasa da ake kai wa jan ƙarfe daga can, aka rubuta ta da baƙaƙen k, w, b, r, masu bugu suka karanta ta Kubar. Yawancin masana tarihi sun tafi a kan cewa Gobir yake nufi. Haka birnin Gao ya zama Kaukau a littattafan Larabawa na farko. Sautin ts shi ma ba shi da gurbi, shi ya sa Katsina take fitowa Kashina ko Kashna. Sunan mahaifin Shehu Usmanu ya shiga irin wannan hali: da Larabci ana rubuta shi da baƙaƙen da Balarabe zai karanta Fudi, alhali a Sakkwato ba a san kowa da wannan suna ba sai Fodiyo. Abin takaici ne a ji ɗalibi Bahaushe yana cewa Ibn Fudi da Kashna a gaban jama'a, yana ganin ya nuna gwaninta, alhali sunan gidansu ne aka ba shi aro ya kasa gane shi.

Akwai kuma wani rami da 'yan zamani suke yawan faɗawa. Tsofaffin rubuce-rubucen ƙasar Hausa da Borno da hannun Magariba aka yi su. A wannan hannu, fa ɗigonta guda yana ƙasa, ƙaf kuma ɗigonta guda yana sama. A rubutun Gabas, wanda shi ne na littattafan ɗab'i, fa ce mai ɗigo guda a sama, ƙaf biyu gare ta. Wanda ya koyi karatu da bugun Misira kaɗai, idan aka miƙa masa tsohuwar takarda, zai karanta kowace ƙaf a matsayin fa. A kalmar da ya sani ma'ana za ta farkar da shi. A suna kuwa babu mai farkar da shi, sai ya ce Fairawan inda aka rubuta Ƙairawan, ya wuce hankalinsa kwance.

Malaman Larabawa sun daɗe da sanin wannan cuta, suka sa mata suna tas-hifi. Masu ilmin hadisi musamman sun tsorata da ita, domin ɗigo guda yana iya mayar da amintaccen mai ruwaya wani mutum dabam wanda ba a yarda da shi ba, hadisi ingantacce ya koma mai rauni. Saboda haka suka wallafa littattafai a kan sunayen da suka yi kama a rubuce suka saɓa a furuci, kamar na Daraƙuɗni, wanda ya rasu a 995. Yaƙutul Hamawi, mai Mu'ujamul Buldan, da Ibn Hallikan, mai Wafayatul A'ayan, ba su amince da alamar wasali kaɗai ba, don sun san mai kwafa yana iya zubar da ita. Sai su bi sunan baƙi bayan baƙi suna faɗa da kalmomi cewa wannan da fataha yake, wancan da sukun, wannan ɗigo biyu gare shi a sama. Aiki ne mai cin takarda, amma albarkacinsa ne ake iya furta waɗannan sunaye yau bayan shekara ɗari bakwai da ɗoriya.

Yadda bakin malamai ya gyara sunaye

Ba duk sauyin da suna ya samu ba ne kuskure. Malaman ƙasar Hausa suna da tsohuwar hanyarsu ta furta baƙaƙen Larabci, wadda ta bi ƙa'ida, ba ta kuma canzawa daga suna zuwa suna. Harafin da almajirai suke kira lodi da l suke faɗinsa, shi ya ba Hausa alƙali, da alwala, da farilla, da Ramalan. Harafin ɗa mai hannu ya zama ɗ, aka sami Luɗu da Shaiɗan da Faɗimatu. Gain ya zama g, shi ya sa malamin da ya zo Kano zamanin Rumfa ake ce masa Magili. Zal ya zama z. Wanda ya san waɗannan ƙa'idoji zai iya hasashen yadda tsohon malami zai furta sunan da shi bai taɓa ji ba.

Wasalin ƙarshe ya cancanci a tsaya a kansa. Bahaushe ya fi son kalma ta ƙare da wasali, kuma da ya ari sunaye daga Larabci sai ya haɗa da wasalin li'irabi. Amma me ya sa ake cewa Muhammadu da Salihu da u, a kuma ce Haruna da Ayuba da a? Amsar da ta fi kama hankali tana cikin nahawu. Sunan yanka wanda asalinsa ba Larabci ba ne, kuma ya haura baƙi uku, ba ya karɓar tanwini, kuma inda ya kamata ya ɗauki kasara sai ya ɗauki fataha. Ke nan a gurbi biyu daga cikin uku almajiri da a yake jin ƙarshensa. Sai a duba jerin: Haruna, Ayuba, Yunusa, Dauda, Isma'ila, Fir'auna, Ƙaruna. Masu nahawu sun ware sunayen annabawa shida da wannan hukunci bai hau kansu ba, watau Muhammadu, Salihu, Shu'aibu, Hudu, Nuhu da Luɗu, kuma dukkansu shida da u suka zauna a Hausa. Gaskiya ne akwai waɗanda suka kauce, kamar Yakubu da Iliyasu da Adamu, akwai kuma masu fuska biyu kamar Yusufu da Yusufa. Duk da haka daidaituwar ta yi yawan da ba za a ce katari ba ne kawai.

Sunan Bagadaza ya haɗa waɗannan abubuwa wuri guda. Ɗan boko yakan ɗauka cewa tsofaffi ne suka kasa faɗin Bagdad suka ƙara masa jela. Ba haka ba ne. A tsofaffin littattafan Larabci sunan birnin yana da fuskoki da dama, ɗaya daga cikinsu da zal take ƙarewa maimakon dal. Wannan fuskar ce ta iso ƙasar Hausa, zal ta zama z, aka saƙala wasali tsakanin g da d, fataha ta zauna a ƙarshe. Mai karanta Dare Dubu da Ɗaya da ya iske Bagadaza ya mayar da ita Bagdad, da sunan gyara, ya zubar da shaidar irin littattafan da kakanninsa suka karanta.

Mutum guda, suna biyu

Zuwan boko ya buɗe wata ƙofa, sai mutanen da Hausawa suka riga suka sani ta Larabci suka sāke shigowa da tufafin Ingilishi. Ɗalibin da ya ji malamin zaure yana ambaton Aflaɗun da Arisɗu da Suƙraɗu da Jalinusu, ya kuma je makaranta ya karanta Plato da Aristotle da Socrates da Galen, zai iya gama karatunsa bai san mutum huɗu ne ba takwas ba. Girkawa Platon suke cewa. Balarabe ba shi da p, ba ya kuma fara kalma da baƙi biyu a jere, sai ya mayar da p ta zama f, ya sa alif a gaba. Bature ya yar da n ta ƙarshe, ya kuma karkatar da wasalin tsakiya irin na bakinsa. Idan kusanci da asali ake nema, ba lalle ne na Bature ya fi ba.

Haka abin yake ga Iskandari, sarkin Makidoniya da ya mutu a 323 kafin haihuwar Annabi Isa. Sunansa Aleksandros, Larabawa suka ji farkonsa ya yi kama da al ɗinsu ta ma'arifa, suka ware ta, saura ya zama Iskandar, birnin da ya kafa a Masar kuma Iskandariyya. Sarkin Babila da ya rushe Birnin Ƙudus wajen shekara ta 586 kafin haihuwar Annabi Isa, a littattafan tafsiri da tarihi Buhtanassar ne, a Littafi Mai Tsarki kuma Nebukadnezzar. Hiraƙla na littattafan sira shi ne Heraclius, wanda ya mulki Rum daga 610 zuwa 641. Kisra kuma, wanda sunansa ya bazu har cikin labarun kafuwar Bargu, daga Husrau na Farisawa ya samo asali.

Misalin da ya fi kowanne koyarwa shi ne Ƙaisar. Mutanen Rum na zamanin Yuliyas da k suke fara sunan, tagwan wasalin ai na biye. Girkanci da Larabci da Jamusanci duk sun riƙe wannan. Ingilishi ne ya lanƙwasa shi har ya koma Siza. Saboda haka almajirin da ya ce Ƙaisar ya fi kusa da bakin Rumawa bisa ga mai digirin da ya yi masa dariya. Masu fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa, wanda aka fara buga cikakkensa a 1932, sun gane haka a wurare da yawa, suka bi hanyar Larabci suka rubuta Kaisar da Bulus da Bitrus da Bilatus. Amma Sarkin Farisa da ya ci Babila a 539 kafin haihuwar Annabi Isa ya fito a fassarar da ake karantawa yanzu da sunan Sairus, wanda furucin Ingilishi ne tsantsa. Farisawan dā Kurush suka kira shi, Ibraniyawa kuma Koresh. Littafi guda ke nan ya shigo da sunayensa ta ƙofa biyu.

Tarkon haruffan Turawa

Babban abin da yake yaudarar ɗalibi shi ne ganin haruffan boko. Da zarar ya ga a, b, c, sai ya ɗauka ko dai Hausa ce ko Ingilishi, alhali kowace al'umma ta Turai da irin aikin da ta ɗora wa waɗannan haruffa. Sunayen da ɗalibin Hausa yake ambata kullum sun isa misali. Heinrich Barth, wanda ya shiga Kano a 1851, Bajamushe ne, kuma th a Jamusanci t ce kawai, ba a sa harshe tsakanin haƙora. Hanns Vischer, wanda ya buɗe makarantar Nasarawa a 1909, v ɗin sunansa f ce. Krause, wanda ya zauna Salaga, ana furta e ɗin ƙarshen sunansa. Mutanen dā sun huta da wannan wahala, domin Barth ya kira kansa Abdulkarimu, Clapperton ya zama Abdullahi, Vischer aka ce masa Ɗan Hausa, Krause Malam Musa, Abadie Mai Jimina, Cargill Mai Gunduma. Wanda ba a yi wa laƙabi ba kuma aka sassaƙe sunansa, Lugard ya koma Lugga.

Sassaƙar ma ba da ka ake yin ta ba. Gaɓar Hausa iri uku ce: baƙi da gajeren wasali, baƙi da dogon wasali ko tagwai, sai baƙi da wasali da baƙi. Ba a fara gaɓa da baƙi biyu. Duk inda suka cunkushe sai a raba su da wasali, kamar yadda aka yi a birki da direba da fursuna da firamare. P takan koma f, v takan koma b. Da wannan awo ne aka ƙera Faransa da Ingila, da shi kuma Hausawan zamanin Yaƙin Duniya na Biyu suka ƙera Hitila. Mai karatun da ya saƙala wasali a cikin baƙon suna bai yi abin kunya ba, ƙa'idar harshensa ya bi, kamar yadda Balarabe ya bi tasa a Aflaɗun. Basakkwace ko Bagobiri da ya ce Hwaransa da Hir'auna shi ma karin harshensa ya bi, ba a kuma ce masa ya yi kuskure.

Inda abin ya fi ciwo shi ne sunayen gida da suka tafi Turai suka komo. Littafin Hasan al-Wazzan, wanda Turawa suka sani da Leo Africanus, an buga shi da Italiyanci a 1550, kuma a cikinsa akwai Cano da Casena da Guber da Zegzeg da Zanfara. A ƙa'idar Italiyanci c kafin a k ce. Ɗalibin da ya karanta ta da c ɗin Hausa zai kira Kano da sunan da ba ta taɓa amsawa ba. Clapperton, da ya isa wurin Sarkin Musulmi Bello a 1824, ya rubuta Sackatoo, ya kuma kira Waziri Giɗaɗo Gadado. Haruffa masu lanƙwasa ba su zauna a rubutun Hausa ba sai a shekarun 1930, taswira da takardun gwamnati kuwa ba su taɓa karɓar su ba. Shi ya sa har yau ake rubuta Hadejia da Maradi, har wasu 'yan birni sun fara faɗin su yadda suka gan su a allon hanya, ba Haɗeja da Maraɗi ba. Bature kuma yakan ninka baƙi don ya nuna wasalin da ya gabata gajere ne, alhali ninki a Hausa nauyi ne da ake ji a kunne. Kebbi ta taswira Kabi ce a bakin Kabawa.

A hayin Nijar Faransanci ne ya yi wannan aiki. Ou ita ce u ko w, tch ita ce c ko ts, ss kuma s ce guda. Tessaoua Tasawa ce, Tahoua Tawa, Dogondoutchi kuma Dogon Dutsi. Littafin da Abdoulaye Mamani ya buga a 1980 a kan matar da ta tari rundunar Voulet da Chanoine a Lugu a 1899 sunansa Sarraounia. Akwai masu murɗa baki a kan wannan kalma kamar wata baƙuwa, alhali sarauniya ce kawai.

Inda furuci ya zama hujja

Wani lokaci zaɓin furuci ɗaukar ɓangare ne a muhawara, ko mai karatu ya sani ko bai sani ba. Baƙon da ya kashe macijiyar Kusugu, wasu ruwayoyi Bayajidda suke kiransa, wasu Abuyazidu. Masu riƙe da na farko sukan fassara shi da cewa mutumin ba ya jin harshen garin a dā. Na biyu kuwa shi ne tsanin da Palmer, da Hallam a bayansa a 1966, suka taka suka danganta labarin da Abu Yazid, wanda ya yi wa Faɗimawa tawaye a Arewacin Afirka aka kashe shi a 947. Masu wannan ra'ayi suna da abin kafa hujja, domin Farisawa da Turkawa su ma sun taƙaita Abu Yazid ya zama Bayazid. Kamannin suna dai ba ya isa ya tabbatar da tarihi, kuma Palmer ya shahara da saurin gina nasaba a kan kamannin sauti. Abin da ya wajaba ga mai karatu shi ne ya faɗi abin da littafin da ke hannunsa ya rubuta, kada ya musanya shi da ruwayar da ya fi so.

A rubutacciyar waƙa hukuncin ya fi tsanani. Waƙoƙin ƙarni na 19 da yawancin na bayansu a kan ma'aunan arulin Larabci aka gina su, kamar yadda M. K. M. Galadanci ya nuna a Harsunan Nijeriya a 1975, kuma waɗannan ma'aunai lissafin gaɓa mai nauyi da marar nauyi ne. Mawaƙi yana da izinin ya ja suna ko ya datse shi don ya zauna a baiti. Zai ce Ahmadu a nan, ya ce Ahmada a can saboda amsa-amo, ya ce Muhamman inda Muhammadu zai yi masa yawa. Mai rerawa da ya ga Ahmada ya ɗauka kuskuren ɗab'i ne ya gyara, ya karya baitin. Amfanin kuma yana juyowa ta ɗaya gefen: tun da boko ba ya nuna tsawon wasali, sau da yawa karin waƙar ne kaɗai zai gaya wa mai karatu ko gaɓar wani tsohon sunan gari doguwa ce ko gajeruwa. Karin sautin suna kuwa, watau hawa da saukar murya, babu rubutun yau da kullum da yake nuna shi, boko ko ajami, sai dai a je a ji daga bakin mutanen wurin.

Abin da ya kamata mai karatu ya yi

Abubakar Imam ya kauce wa matsalar gaba ɗaya a Magana Jari Ce. Ya ɗebo labarai daga Gabas da Turai, amma ya tuɓe musu sunayensu ya sa musu na gida, shi ya sa yaro ɗan firamare yake karanta littafin ba tuntuɓe. Mai ƙaga labari yana da wannan dama. Mai karanta tarihi ba shi da ita.

Abu na farko shi ne kada a haɗu da suna karo na farko a gaban jama'a. Mai karatu ya bi shafukan tun da wuri, ya fitar da sunayen, ya tambayi kowanne ƙofar da ya shigo ta. In sunan gida ne da ya sha rubutun baƙi, a mayar da shi gida, a ce Katsina ko da Casena aka rubuta, sai dai in rubutun kansa ake nazari. In baƙo ne wanda Hausa ta riga ta yi masa riga tun dā, kamar Iskandari da Ƙaisar da Tarabulus da Santambul, a bar shi da rigarsa. A karon farko dai yana da kyau a faɗi ɗaya sunan tare da shi, don ɗalibin da zai je laburare ya san abin da zai nema. In kuwa baƙo ne fil, a nemi yadda masu shi suke faɗinsa, wanda a yau bai fi a saurara a intanet ba, sannan a zaunar da shi a kan gaɓoɓin Hausa, a kuma tsaya a kan furuci guda har ƙarshen littafi. Mai saurare ba ya ganin shafi. Idan ya ji Burja a babi na uku ya ji Barja a na huɗu, sarakuna biyu zai ƙirga.

Tsohon suna ma yana buƙatar a yi hattara da shi idan zamani ya kawo masa kishiya. Fataken Gwanja da zuriyarsu Ankara suke kiran babban birnin Gana. Mai karanta labarin wani falke da ya sauka Ankara, in bai tsaya ya yi bayani ba, rabin ajin Turkiyya za su kai shi.

Sauran nauyin yana kan masu shirya tsofaffin littattafai don bugu. Bargery a 1934 da Abraham a bayansa sun nuna cewa ana iya sa wa kalmar Hausa alamar tsawo da ta karin sauti, amma ƙamus bai cika kula da sunayen mutane da na garuruwa ba. Ɗalibin da ya juya wani rubutun ajami zuwa boko don kundin digirinsa shi ne mutum na ƙarshe da ya ga wasulan asali, ya kuma zauna da dattijon da ya karanta masa. In ya rubuta sunan ba alama, tsawon wasalin da ajamin ya nuna da alif ko wau ko ya, ya ɓace ke nan, bokon ya fi ajamin da ya gada talauci. Shafi biyu a ƙarshen kundin sun isa a jera sunayen, kowanne da tsawonsa da karin sautinsa, da garin mutumin da aka ji shi daga bakinsa.